Wayar Jita a Ƙofar Gona

Tun da ciwon yana ya rufe min ido ɗaya, ɗiyata ce ke yi min karatu. Tana aiki a wata saidaliyya a Anbariyya, inda take ba da magani, kuma kowace Juma'a bayan mun ci abinci sai ta zaro littafi daga jaka. Ni karatuna bai yi nisa ba, allo ne sai aji huɗu na boko kafin iyayena su taso da mu Madina. Amma ina da kunne. A bana ta karanta min labarin wani likitan ƙauye da na wani matuƙin jirgin ruwa, na yaba su duka, har na gaya wa tsofaffin da muke shan shayi tare su nema.

Wata Juma'a ta fito da wani littafi mai hoton Bature a bango, gashi har kafaɗa, ya rungume jita.

Na ce, "Wannan kuma fa?"

"Makaɗi ne, Baba. Irin kiɗan nan mai ƙara da ake kira rok. Ya tsufa, ya rubuta tarihin rayuwarsa, aka mayar da shi Larabci."

"Littattafan Madina sun ƙare ne?"

"Saurari shafi goma. In bai yi maka ba, halas, shi ke nan, mu koma wa matuƙin jirgi."

Muka wuce shafi goma ban sani ba. Mutumin bai ɓoye aibinsa ba, ya faɗi shaye-shayen da ya yi nadama da abokan da ya binne. Sai muka zo kan babin ubansa, wani ma'aikacin masana'anta da ya kulle masa jita a kabad. Ya tuna rigar da uban ya sa a ranar, ya tuna kalmominsa. Uban ya daɗe da mutuwa, ba shi da bakin amsawa. Na ce wa ɗiyata ta dakata.

Ɗana na fari yana da shekara sha bakwai lokacin da na yi nawa. Ina aiki a gonar dabino a Awali, shi kuma yana taya ni in babu makaranta. Wata rana na shiga ɗakin injin ban ruwa, na tarar da tsohuwar jita a bayan buhuna. Wurin wani tela Basudane ɗan nawa ya samo ta. Na ce wa kaina tsoron Allah ne ya kama ni, amma gaskiya tsoron bakin maƙwabta ne. Na fito da ita na buga da jikin dabino a gaban ma'aikata.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Mu mutanen gona ba ma zubar da waya. Na tsuguna na kwance wayoyin nan shida, na ga suna da ƙarfi, na ɗaure ƙofar gonar da su, don ta daɗe da ɓallewa. Ban yi don mugunta ba, waya mai kyau kawai na gani. Amma kullum da safe sai yaron ya tura wannan ƙofa kafin ya shiga. Daga ranar maganarmu ta koma gaisuwa. Yanzu yana Jidda, injiniyan sauti ne, kuma yana kaɗa jita da abokansa a manyan zauruka a bainar jama'a. Yakan kira ni da Sallah, minti biyu, da Larabci.

Na tambayi ɗiyata, "Yayanki yana rubutu?"

"Yana ɗan yi. Shi ne ma ya ba ni littafin nan."

"Ya ce ki karanta min?"

"Ya ce in karanta. Bai dai ce kada in karanta maka ba."

Na fahimci wata rana ni ma zan zama babi, kuma ina da abin da wancan uban ya rasa: ina da rai.

Na sa ta kai ni Awali a motarta. Sabon mai gonar ya sa ƙofar ƙarfe, amma tsohuwar tana jingine a bayan katanga. Na laluba da yatsa, na sami waya ɗaya da ta rage, ta yi tsatsa ta nutse cikin katako. Na daɗe ina fama kafin ta fita. Na kira ɗana da kaina, na ce ina son ganinsa, ba ciwo ba ne.

Ya zo Juma'ar da ta biyo. Na miƙa masa wayar a cikin ledar magani. Na ce, "Na zalunce ka, ka yafe min. In za ka rubuta, rubuta duka, kada ka rage komai. Ina dai roƙon ka sa cewa na kawo wannan."

Ya juya ta a hannu, ya murza ta tsakanin yatsu. "Ta uku ce," in ji shi. Da Hausa ya faɗa, abin da na daɗe ban ji daga bakinsa ba. "Abuya, duk shekarun nan ita ke riƙe da ƙofa? A hannuna wata biyu take yi ta tsinke."

"Ni na iya ɗauri."

"Ka iya fa. Kullum in na tura ƙofar sai in ɗan taɓa ta da farce, tana ba da sauti. Da ita na koyi sauraro."

Ƙanwarsa ta ce, "To ashe Baba ne malaminka na farko."

"Malami mai tsanani," ya ce, ya yi dariya, amma idonsa ya yi ja. Ya kama hannuna ya sumbata yadda ake yi a nan.

Bayan la'asar ya ɗauko jita daga mota, ya zauna a tsakar gida. Na shirya wa ƙara, sai na ji wani abu a hankali, ɗan karin da marigayiya mahaifiyarsa kan yi in tana tankaɗe. Yatsunsa ba sa kuskure. Ban san ya riƙe karin nan ba. Na ce wa ɗiyata ta buɗe ƙofar gida, duk maƙwabcin da zai ji ya ji.

Da na koma wurin shayi a Anbariyya, wani tsohon direba ya ce, "Alhaji, me aka karanta maka wannan makon?"

Na gaya masa littafin mai dogon gashi ne, na ce ya sa a fara masa da babin uban, tunda shi ma yana da 'ya'ya.

Ya ce, "An ce an ji kiɗa a gidanka."

Na ce, "Ɗana ne. In ya dawo zan kira ka, ka zo ka ji da kunnenka."