Motar da Ba Ta Ƙin Kowa Sai Baba Woru

A unguwarmu ta bayan tashar Faraku, kafin ka ga Baba Woru sai ka fara jin sa. Damin makullan da ke rataye a ƙugunsa ne ke riga shi sallama, tun daga kwanar masu sayar da cuku. Shekara ashirin da shida ke nan yana tuƙa wa Inna Bake mota. Ita ce mai sayen kashu da man kaɗanya a ƙauyukan hanyar Nikki, shi kuma shi ne ƙafarta: ya je, ya auna, ya ɗora buhuna, ya dawo ya buɗe sito ya rufe.

Ɗan wani ƙauye ne kusa da Ndali. Doya ya tashi yana nomawa, sai wata shekara ruwa ya yi gardama, ya shigo gari yana lodin auduga, a nan ya koyi tuƙi wurin direbobin manyan motoci. Mijin Inna Bake ne ya ɗauke shi aiki. Da mijin ya rasu, bayan sadakar arba'in, ta kira shi gaban dangi ta sa masa makullin sito a hannu. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda aka ba makulli alhali ba jinin gida ba ne, ba ya ajiye shi a ƙasa, ba ya miƙa wa wani hannu, ko da na ɗan cikinsa ne. Daga ɗaya makullan suka zama biyu. Aka buɗe wani sito a Cawuru, aka kama rumfa a kasuwa, aka canja kwaɗo nan da can, duk yana zurawa a zobe guda da wani maƙeri ya yi masa. Makullin motar ma a jikin zoben yake, da 'yar ƙugiya. In yana tuƙi, damin na lilo a gindin sitiyari yana bugun ƙafarsa, har duk wandunansa sun koɗe a gwiwar dama.

Motar tsohuwar jif ce mai shan dizal, wadda a da fara ce. Matan kasuwa Gwaggo suke ce mata. Ba ta da gudu, amma ba ta taɓa barin sa a hanya ba sai bana, daidai shigowar kakar kashu.

Sai ya murɗa makulli, fitilun gaban sitiyari su kama, amma injin ko tari. Ya sake, shiru. Wata rana a murɗawa ta goma ta tashi kamar ba ita ba. Wata rana sai an nemi matasa sun tura, da buhuna sha huɗu a cikinta. Daga nan kuma ta yi kwana uku lafiya lau, har ya fara cewa ta warke.

Makanikin farko da ya kai wa ya ce batir ne, aka sa sabo. Kwana biyar ta sake. Na biyu ya ce kik ne, wato ƙaramin injin da ke murza babban ya tashi, ya kwance shi ya wanke ya canja masa gawayi, har ya ba Baba Woru guntun ƙarfe ya ce in ta ƙi ya riƙa ɗan bugun kik ɗin. Ya buga har ƙarfen ya lanƙwashe. Ni ne na uku. Gyaran wutar mota nake yi, rumfata tana kallon gidan Inna Bake, kuma tun ina ƙarami nake gaishe da Baba Woru.

Sau uku yana kawo mini ita. Duk zuwan abu ɗaya yake yi: ya tsaya a bakin rumfa, ya kashe mota, ya juya mini baya, ya cire makullin motar daga ƙugiya ya miƙo, damin kuma ya koma ƙugu. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, haka duk wani mai amana yake yi. Na kankare kan batir, na canja wayar da ke bin jikin mota, na bi fis ɗaya bayan ɗaya. A hannuna kuwa motar ba ta taɓa ƙi ba. In na murɗa sau talatin, sau talatin take tashi.

"Ɗana, wallahi jiya a Ndali ta mai da ni abin kallo," in ji shi a zuwa na uku.

Na ce na yarda.

"Bakinka ya yarda. Idonka na gani bai yarda ba."

Abin da ya fi cin ransa ba turin ba ne, ko da yake turin ma da ciwo. Matan kasuwar Ndali da sun hango shi sai su fara: Baba Woru, yau Gwaggo ta tashi da fushi ne, ko ka ba ta haƙuri tun a gida? Wannan yana iya shanyewa. Abin da ya kasa shanyewa shi ne Biyo, ɗan Inna Bake, wanda ya dawo daga Kwatano ya zauna yana taya uwarsa harka. Akwai wani makullin motar na ajiya a hannun Biyo. Duk ranar da Baba Woru ya dawo a makare ya ce mota ta ƙi, sai Biyo ya fito, ya shiga, ya murɗa nasa, ta tashi nan take. Ya kashe, ya sake, ta tashi. Sai ya bar injin na ruri a gaban tsohon ya tafi. A cikin gida ne yake faɗa wa uwarsa cewa ko dai Baba yana ɗaukar fasinja a hanya, ko kuma barci yake yi a gindin bishiya, mota dai ƙalau take, makanikai uku sun shaida.

Sau biyu manoma suna gajiya da jira su sayar wa wasu. Inna Bake ba mai yawan magana ba ce. Ta kira shi ta ce ranar Alhamis babbar mota za ta yi lodi a sito da la'asar, in ya makara da kaya ranar, to ya ba Biyo makullai, shi ya huta. Ba ta ce ta kore shi ba. Huta ta ce.

Ranar Laraba da hantsi ya zo rumfata ba tare da motar ba, ya zauna a benci ya yi ta magana. Ya ba ni labarin ranar da kogi ya cika ya kwana biyu a kan kaya bai bar buhu ko ɗaya ya jiƙe ba. Ya ce shi da bai taɓa ɗaukar ƙwayar kashu ya jefa a baki ba, yau shi ne maƙaryaci, kuma ƙarfe ne ke ƙaryata shi, abin da ba za ka kai gaban manya ku yi rantsuwa ba. Ya ce da ɓarawo aka kira shi da ya san inda zai kare kansa. Na bar shi ya gama. Ni ma abin ya ishe ni. Na bi wayoyin motar nan har na san su kamar jijiyoyin hannuna. Sai na ce gobe zan rufe rumfa in bi shi, tunda ba ta ƙi a gabana, bari in je inda take ƙin.

Da safe ta tashi a murɗawa ɗaya. Ya yi tsaki, ya ce ta ga baƙo. Muka bi hanyar Nikki, muka ratse zuwa wani ƙauye, aka auna kashu aka ɗora, matar mai unguwa ta kawo mana sakwara da miyar gyaɗa. Rana ta take tsaka lokacin da muka shiga mota. Ya murɗa. Fitilu suka kama, injin shiru.

Ban taɓa jin daɗin lalacewar mota ba sai ranar. Na sauka da sauri na buɗe bonet, na ɗora 'yar fitilar gwaji a kan siririyar wayar da ke kai wa kik umarni, na ce ya murɗa. Fitilar ba ta kama ba. Ashe kik ɗin bai taɓa yin laifi ba, wutar ce ba ta iso shi. Na zagayo na ce ya ba ni wuri in ji da hannuna. Ya sauko, ya juya baya, ya cire makullin daga ƙugiya, ya miƙo mini. Na murɗa. Ta tashi.

Manoman da suka taru za su tura suka kwashe da dariya. Wani dattijo a cikinsu, abokin wasansa, ya ce, "Woru, ka sake ta kawai. Macen da ta ga saurayi ba ta sake kallon tsoho."

Baba Woru bai yi dariya ba. Ya ce in kashe, shi zai tayar da ita da kansa ko su kwana a nan. Na ce Baba lokaci na tafiya, mu bar ta a kunne mu wuce. Ya ce in ya koma gida da motar da wani ya tayar masa, Biyo ya ci gaskiya. Na kashe na ba shi. Ya mai da makullin jikin zobe, ya zura, ya murɗa. Shiru. Ya sake. Shiru. Ya ɗora goshinsa a kan sitiyari.

Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon damin yana lilo, sai na ga yadda ya rinjayi kan makullin zuwa ƙasa, har ramin ya buɗe ta sama, ya zama kamar idon da ya kumbura. Na ce ya ba ni damin gaba ɗaya in gwada. Ya kalle ni kamar na zage shi. Na ce to, shi ya tallabe shi da hannun hagu, ya ɗaga sama, ya murɗa da dama.

Ta tashi.

Ya kashe. Ya saki damin, ya murɗa, shiru. Ya tallabe, ta tashi. Sai da ya yi haka sau biyar. Na bayyana masa cewa nauyin shekaru ne ya cinye cikin gidan makullin, ƙarafan da ya kamata su haɗu in an murɗa ba sa haɗuwa sai makullin ya tsaya daidai. Makulli shi kaɗai ba shi da nauyi, shi ya sa take tashi a hannuna, da hannun Biyo, da hannun duk wanda ya cire wa.

Muka kama hanyar gida har muka wuce Ndali. Can ya ce, "Wata huɗu. Batir, kik, turi, zagin yara. Ashe abin yana bugun gwiwata."

Mun iso ana kiran la'asar, babbar motar ta riga ta ja baya zuwa ƙofar sito. Ya buɗe, aka yi lodi. Na so in je in yi wa Inna Bake bayani da kaina, ya ce a'a, bakinsa aka ƙaryata, bakinsa zai faɗa. Ya kira ta da Biyo bakin mota, ya nuna musu: a saki, shiru, a tallabe, ta tashi.

Biyo ya ce to ai maganarsa ta fito, laifin dai na Baba ne, wa ya ce ya rataya wa mota shagon maƙeri.

"Kai ka ce barci nake yi," in ji Baba Woru. "Wannan barci ne?"

Inna Bake ta miƙa hannu. Ita kaɗai yake iya ba wa. Ya kwance damin ya ɗora mata a tafi, sai da hannunta ya yi ƙasa. Ta zauna a kan buhu ta shiga tambayarsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan na ina ne? Na tsohon sito da aka rushe aka yi hanya. Wannan fa? Na akwatin marigayi. Wannan na rumfar da ta ƙone, wannan na kwaɗon da ɓarayi suka fasa shekara sha biyu da suka wuce. Makulli talatin da ɗaya, tara ne kawai ke buɗe wani abu a duniyar nan. Ta ce me ya hana shi zubar da sauran. Ya ce ba a ce ya zubar ba, ba shi aka yi ya riƙe.

Ta daɗe tana juya na akwatin mijinta a hannu. Sannan ta cire makullin motar daga ƙugiya ta ba shi daban, ta mai da masa damin yadda yake, ba ta rage ko ɗaya ba. Ta ce da Biyo ya je ya ga ko an ɗaure tamfol da kyau.

Washegari na sa wa Gwaggo sabon gidan makulli, aikin da bai kai awa ɗaya ba. Tun daga ranar ba ta sake ƙi ba. Amma Baba Woru bai huce ba har yau. Biyo bai ba shi haƙuri ba, matan Ndali kuma ba su yarda da zancen gidan makulli ba, sun fi son nasu, har yanzu suna tambayarsa ko sun shirya da Gwaggo. Makullin motar yana ɗaure da guntun zare shi kaɗai, damin kuma a ƙugu yake zama ko yana tuƙi, yana tokare shi a kujera. Ya ce mini motar ta yi shiru da yawa, kuma in sun faɗa rami sai ya ji ya kai hannu gwiwarsa ta dama, ya tarar babu komai.