Karan Awon Ƙafar Inna

Babbar sallar shekarar ta faɗo a ƙarshen damina, dawa ta yi kai amma ba a fara yanka ba. Ana jibi sallah Baba ya ce za mu kasuwar Bebeji, shi da Kaka, mahaifiyarsa, da ni da ƙanwata. Inna, kamar sauran matan aure, ba ta zuwa kasuwa. Abu ɗaya ta roƙa: takalmin fata ja, irin na dukawan Bebeji, don nata ya tsinke tun bara tana ta ɗaure shi da kaba.

A wancan zamanin ba mu san lambar takalmi ba. Kara ake yankowa daidai tsawon ƙafa, a kai wa baduku. Inna ta taka ƙasa, na gwada ɗanyen karan dawa daga dunduniya zuwa babban yatsa, na yanke, na sake gwadawa.

"Kai na ba wa," in ji ta, "don kai ne ba ka yar da abu."

Muka tashi daga ƙauyenmu Badafi da sanyin safiya, Kaka a kan jaki, ƙanwata a gabanta. Duk hanya karan yana hammatata. Kaka ta yi ta tsokanata. "Maigidana ɗan boko, sandar girma aka ba ka ne? Ni fa me za ka saya wa matarka?" Ni dai sai murmushi.

Kafin mu shiga gari rana ta yi zafi sosai. Kasuwa ta cika maƙil: raguna, ƙanshin tsire, masu tallan alewa, 'yan koli sun baje madubai da tsakiya. Baba ya saya wa ƙanwata awarwaro, ni hula, Kaka kuwa ta tsaya cinikin turare har mai turaren ya roƙe ta ta ɗauka ta tafi. Muka sha fura a wajen wata Bafulatana.

A bakin wani kanti aka bar ni riƙe da jaki. Gwangwanaye ne jere a ciki, kowanne da rubutun boko, ni kuwa ban taɓa ganin rubutu mai yawa haka a wajen aji ba. Na tsaya ina haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Na ji ana ɗan jan hammatata, na ɗauka ƙanwata ce. Da na waiwaya, jaki yana tauna karan, abin da ya rage a hammatata bai fi ɗan yatsa ba.

A rumfar dukawa Baba ya miƙo hannu. Na ba shi guntun, idona ya cika da ƙwalla. Baduku ya juya shi ya ce, "Alhaji, jaririya za a yi wa?"

Kaka ta yi dariya har ta dafa rumfa. Ni kuwa Inna nake tunawa, da takalminta mai ɗaurin kaba ranar sallah.

"Gwada ƙafar Iya mana," in ji baduku.

"Tawa? Faifai ce," in ji Kaka. "Tata 'yar siririya."

Baba ya sunkuyar da kai. Mutum ne mai kunya, ko a gida bai cika ambaton Inna ba sai dai ya ce "mutanen gida". Can sai ya tsuguna, ya ɗauki takalmi ɗaya, ya ware babban yatsa da na tsakiya a kansa, ya ƙara yatsu biyu. Ya ajiye, ya ɗauki wani, ya sake awo.

"Wannan," ya ce, bai ɗago kai ba.

"Iye!" in ji Kaka. "Ashe da awonka a hannu ka bar yaro yana dakon kara tun daga Badafi? Yaushe ka auna?"

"Iya, rana tana yi," in ji Baba, ya miƙe yana kakkaɓe riga.

Da la'asar sakaliya muka isa gida. Inna ta wanke ƙafa, ta zura takalmin, ya zauna cif. Ta taka zuwa bakin rijiya ta dawo, ta dafa kaina.

"Na faɗa, kai ba ka kuskure."

Na buɗe baki zan yi bayani, Kaka ta riga ni. "Jaki ya cinye karanki, 'yar nan. Tambayi wancan da me ya auna."

Baba ya ɗauki buta ya yi zaure da sauri, ko hularsa bai tsaya ɗauka ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa don dariya.