Murhun da Ba Ya Son Fifita

Wanda bai taɓa yin hunturu a Riyad ba ba zai yarda ba. In na faɗa wa mutanen gida a waya, sai su ce ai Saudiyya wuta ce. To a cikin wannan sanyin 'yar farina ta haihu, na ɗauko ta daga gidan mijinta a unguwar Malaz zuwa ɗakinmu na unguwar Shumaisi wankan gida, kamar yadda aka yi mini.

Ɗakin namu a can saman bene yake, iska ta ko'ina. Hita kuwa, da an jona ta sai wutar gidan ta ɗauke. Jaririya ta fara atishawa. Mijin 'yar tawa ya zo, ya durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa, ya ce, "Mama, in sanyin nan bai yi sauƙi ba, ran Juma'a zan zo in mayar da su." Me zan ce wa suruki? Amma na kasa zaune na kasa tsaye. Wa zai dama mata kunun kanwa a can? Wa zai gasa mata jiki?

Washegari sai ga maigidana, direban tifa ne a Dir'iyya, sun hawo da wani baƙin ƙarfe shi da abokin aikinsa, mutumin Maraɗi, suna nishi. Wai murhun ɗumama ɗaki ne, a wani gidan hutu da za a rushe aka ce su ɗauka. Ga ƙofar gilashi, ga bututu, ga buhun abin da yake ci, garin katako da aka dunƙule ƙanana-ƙanana.

Na ce, "Malam, wannan ai kashin awaki ne."

"Ke dai kawo tsumma."

Suka cire na'urar sanyaya ɗaki daga bango, suka zura bututun ta ramin, suka toshe sauran da katako. Mutumin Maraɗi yana ta tsiya: "Ɗaga mana, tsoho! Ko ƙarfin sai a gaban tuwo?" Aka zuba ƙwayoyin ta sama, aka danna maɓallin kunnawa, suka koma aiki.

Wuta ta kama, 'yar mitsitsiya, a bayan gilashi. Ni kuwa tun ban kai tsayin turmi ba nake hura wuta, kuma wutar jego ba a barinta ta yi lakwas. Na ɗauko mafici, na buɗe ƙofar, na hau fifita. Abin ya yi ƙara, kiit, kiit, ya feso hayaƙi, ya mutu. Muka kwashi jaririya zuwa kicin. Na dawo na kunna, na ga wutar ta yi ƙasa, na sake buɗewa. Ya sake mutuwa.

"Yumma, khalas, ki bar shi!" in ji mai jego. Nan ta tashi, Larabci ya fi mata sauri.

"Ke da kika girma a kan gas, me kika sani a wuta?"

Na kira Malam a waya, ina jin ƙarar tifa a bayansa.

"Kin buɗe ƙofar?"

"To ta ina zai sha iska?"

"Yana da fankarsa a ciki, Hajiya. Ba ya son a taya shi. Halinsa ɗaya da 'yarki."

Ran Juma'a da hantsi na kwashe tokar, na rufe, na danna. Na kai mafici ɗakin maƙwabciya na ce ko na roƙa kada ta ba ni. Na zauna, na tashi, na leƙa gilashin, na leƙa titi. Ƙwayoyin suna faɗowa ɗaya-ɗaya, ƙas, ƙas. Duk sanda wutar ta kwanta sai hannuna ya yi ƙaiƙayi, sai in danne shi da cinya.

Bayan masallaci suruki ya yi sallama, cikin wata rigar sanyi mai kauri. Ya zauna a bakin ƙofa. Can sai na ga ya zame rigar ya ninke ta a gefe. Ya tambayi matarsa wani abu a hankali da Larabci, wai kada in ji. Na ji sarai. Ta ce masa tun hantsi jaririya take barci, ko tari ba ta yi ba.

Ya gyara murya. "Mama, akwai abin da za a ƙaro daga gida?"

Na dubi bango na ce, "A ce masa zannuwanta, da babbar tukunyar nan in tana kusa."