Batir Biyu, Ɗaya Fanko

Kowa ya yi kuskure a kan kwamfutar nan, har da ni. Inna ta ce zafin Haɗeja ne ya dafa ta. Yayana ya ce fina-finai nake kallo har caji ya ƙare. Kawu kuwa, wanda shi ya tsaya mini na samu aikin, bai zarge ni da komai ba, kuma wannan ya fi damuna.

Aikin ba shi da wuya. Ƙungiyar manoman shinkafa ce ta ba ni kwamfutar, 'yar gwanjo, in riƙa bin ƙauyukan Auyo ina shigar da sunan duk mai son iri kafin ruwa ya janye daga fadama. Wanda sunansa bai shiga ba, babu iri bana. Kawu ke kai ni a babur ɗinsa.

Ran nan muna ƙarƙashin wata tsamiya a bakin ruwa. Mutane sun yi layi, wasu da kwale-kwale suka tsallako, wandunansu a jiƙe har gwiwa. Na duba allo, caji arba'in da biyar. Na ce a raina ai ya kai ni la'asar. Ban gama rubuta sunan mutum na gaba ba ta ɗauke ɗif.

Wani dattijo ya leƙo. "'Yata, mutuwa ta yi?"

"Suma dai, Baba."

Kawu ya matso ya ce, "Murɗa mata rizab mana, ta sha man ajiya."

"Haba Kawu, ba babur ba ce fa!"

A gaban jama'a na faɗa, da ƙarfi. Aka yi dariya, shi ma ya yi 'yar tasa. Mutanen suka koma kwale-kwalensu ba suna, ba iri. Karo na uku ke nan da ta yi mini haka, kuma shugaban ƙungiya ya riga ya fara tambayar Kawu ko aikin bai fi ƙarfina ba.

Washegari na kai ta wurin wani mai gyara a kasuwa. Ina ta zuba bayani, shi kuwa ko ɗago kai bai yi ba. Ya jona ta da wuta, ya danna ɗan hoton batirin da ke ƙasan allo. Sai ga layi biyu.

"Malama, kin taɓa danna nan?"

"In danna in ga me? Ai ga lambar nan a fili."

Ashe batir biyu gare ta. Na waje, wanda ake zarewa ta baya, shi take fara sha. In ya ƙare ta koma kan na ciki. Lambar da nake kallo kullum ta haɗa su ne ta raba biyu. Na cikin kuwa ya daɗe da lalacewa, har ya kumbura, amma yana nuna casa'in, kamar buhun da aka cika da ƙaiƙayi. Da ta jingina da shi sai ta faɗi.

"To me ya hana ta faɗa?"

"Ta faɗa. Ke ce ba ki tambaye ta ba."

Wato Kawu ya fi ni kusa da gaskiya: akwai rizab, babu mai a ciki. Da yamma na je gidansa na durƙusa na gaya masa haka. Ya ce, "Ni babur na sani, 'yar nan. Tashi."

Mai gyaran ya ce zai iya sa a kawo sabon batirin ciki daga Kano, in ba shi mako biyu. Ruwan fadama ba zai jira ni mako biyu ba, kullum sai ka ga ya ƙara ja baya ya bar laka. Na koma na ce ya cire na cikin gaba ɗaya, kwamfutar ta riƙa nuna mini abin da take da shi, ko da kaɗan ne. Na sayi littafi da biro saboda inda ta gaza. Na kuma ce wa Kawu da sassafe za mu fita, mu fara da mutanen da na mayar hayin ruwa hannu wofi. Wannan karon ni zan tsallaka in same su.