Dutsen da Tokuji Ya Tanada

A garinmu na bakin teku, can kudancin Japan, in ka nemi Tokuji ba lallai a gane ba, amma ka ce Mai Shayar da Kunkuru, kowa zai nuna maka gidan. Masunci ne tun yana saurayi, gajere, ga faɗa kamar me, ga tausayin da ba ya so a gani.

Al'adarmu ce in kunkurun teku ya faɗa taru da ransa, a ɗura masa 'yar giyar shinkafa, a ba shi haƙuri, a sake shi. Da yawa sun watsar. Tokuji kuwa kwalba ba ta rabuwa da jirginsa, kuma ko ɗanɗana ta ba ya yi. Kunkurun da ya tarar ya mutu a taru, sai ya kawo shi gida ya binne a bayan lambu, ya kafa masa dutse.

Duwatsun suka yi ta ƙaruwa har abin ya ishe shi. Ranar da ya binne wani ƙato, ya ɗauko wani dutse mai sulɓi daga gaɓa ya ajiye a gefe. Ya gaya wa matarsa Fusae cewa wannan ne na ƙarshe, ranar da ya kafa shi ranar zai sayar da jirgi.

Fusae ta riƙa gaya wa maƙwabta tsoronta kada ya zauna gida yana koya mata dafa shinkafa. Gaskiyar ita ce ta san mijinta. In aka raba shi da teku, ba zai yi ƙarko ba.

'Yarsu Mitsue, da ke aiki a ƙungiyar masunta, ta kawo wasu 'yan fitilu koraye. Ta ce a ɗaura su a jikin taru, kunkuru zai hango ya kauce, kifi kuwa babu ruwansa. Tokuji ya yi dariya har da tari. Shi da ya tashi a jiragen da ake kunna wa fitila don kiran kifi!

"Fitila ai kira ce," in ji shi. "So kike in haska musu hanyar kabari?"

Fusae ce ke gyaran taru, don haka da ya tafi aski ta ɗaure fitilun tsaf a cikin ninki. Bai ankara ba sai da yamma, da tarun ya taɓa ruwa fitilun suka kama da kansu. Ya dawo gida yana huci, ya ƙi cin abinci. Da safe ya ja taru: kifi kamar kullum, babu kunkuru. Ya ce sa'a ce kawai.

Sa'ar ta ƙi ƙarewa, shi ma ya ƙi kwance fitilun, wai ɗaurin Fusae ya yi tauri. Wata safiya, watannin zuwan kunkuru na dab da ƙarewa, ya hango wani babba ya nufo tarun. Kunkurun ya matso, ya dakata, ya juya abinsa, can ya ɗago kai ya shaƙi iska. Tokuji ya buɗe kwalbar da ta daɗe a cike ya tsiyaya a ruwa, yana dariya ido na kawo ƙwalla.

Da ya koma gida ya zarce bayan lambu. Dutsen ba ya nan.

"Tsohuwa, ina dutsena?"

"Yana aiki," in ji Fusae, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ya leƙa kicin ya same shi a kan murfin tulu, ya danne kabejin da ta jiƙa da gishiri. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tambaye ta yaushe za a fara ci.