Bangon da Aka Hana Yaɓe

Daga Ƙonni har Illela ba a taɓa haihuwar mai zane kamata ba. Ina koleji, na zana zakara a allon aji, sai da mushe, wato malaminmu, ya kore shi da tsumma har sau biyu. Haka nake gaya wa yarana, su kuma su yi dariya, don sun san aikina yanzu rubuta lamba a jikin motocin ɗaukar albasa.

Wata shekara da rani aka kawo mana wani mai zane daga Yamai a farar mota, siriri, rigarsa duk ɗigon kala. Na ce masa ba mu da fenti. Ya fita tsakar lakwal, wato makarantarmu, ya ɗebo jar ƙasa da toka da gawayi, ya dama da ƙaro, ya shafa a bango da yatsa. Kafin mu ƙifta ido raƙumi ya fito.

"Ku bar kwaikwayon hotunan littafi," in ji shi. "Ku zana garinku da ƙasar garinku. Zan dawo in gani. Wanda ya fi, da shi zan koma Yamai ya yi karatun zane."

Ranar ko tuwo ban gane ba. Da aka yi hutu na tafi gida Tsarnawa, na tasa bangon gidanmu mai fuskantar hanya. Baba ya yarda, da sharaɗin ba fuskar mutum. Sai na zana kasuwa gaba ɗaya: jakai, raƙuma, buhunan wake, motar siminti ta Malbaza, mutane kuwa duk sun juya baya. Direbobi na rage gudu su kalla. Ni da kaina na ga akuya tana lasar ganyen da na zana.

To, a wurinmu kafin ruwa ya sauka kowane gida sai ya yi yaɓe, a kwaɓa ƙasa da ciyawa a lulluɓe bango, in ba haka ba damina ta cinye shi. Aka yi wa ɗakuna da rumbu, aka iso kan kasuwata. Na tsaya gaban magina kamar jandarma.

"Baba, a jinkirta. Mutumin na nan tafe."

"Yaushe?"

"Ya ce zai dawo."

Baba ya dubi gabas, ya dube ni, ya ce wa magina su tafi.

Gari duka na roƙon ruwa, ni kaɗai ke roƙon a ɗan dakata. Kullum ina bakin hanya, duk farar mota sai na miƙe. Diraktan makaranta ma da na tambaye shi, cewa ya yi bai san inda mutumin yake ba.

Ruwan farko ya wanke raƙuma. Na biyu ya tafi da motar siminti. Na uku, da hantsi, muka ji rim! Bango ya kwanta a hanya, gidanmu ya buɗe tun daga turmi har madafa. Inna ta ja zane ta rufe kai, ƴan uwana mata suka ruga ɗaka.

Mutumin Yamai bai dawo ba, ni kuma ban ƙara dama kala ba. Amma ranar, ina tsaye cikin taɓo ina neman ko wutsiyar jaki ta tsira, Baba ya zo ya dafa ni.

"To, malam mai zane, ga ƴan kallo ka samu. Duk mai wucewa yanzu ya san miyar da uwarka taka kaɗawa."