Ba naman Ladidi ne ya kwantar da ni ba

Assalamu alaikum. Sati shida ke nan ban ce uffan ba a nan gurup ɗinmu. Waɗanda suka yi cigiyata don Allah, Allah ya saka. Sauran kuwa ku karanta da kyau, da ku nake.

Maƙwabciyata Ladidi, a nan Nyanya, naman shanu take sarowa daga Dei-Dei, ta jiƙa shi da gishiri da kayan yaji, ta ƙyafe, ta yanka siriri. Ma'aikata ke saya su sa a burodi. Da wannan take riƙe 'ya'yanta huɗu.

Wata Talata na saya. Ina buɗe leda na ga wani sheƙi a jikin yankan, kore-kore da shuɗi, kamar wuyan tattabara. Hankalina bai kwanta ba. Na ɗauki hoto na tura gurup ɗinmu na matan unguwa, na tambaya ko wata ta taɓa ganin haka.

Tambaya kawai na yi. Naman nan ko yanka ɗaya ban ci ba.

Abin da na ci farfesun kaza ne da ya kwana biyu a firij babu wuta. Tun a makarantar allo aka hore mu da tsoron zubar da abinci, sai na ɗan ɗumama shi, na yi bismillah.

Kafin la'asar amai da gudawa sun hana ni tsayuwar sallah. Washegari maigidana ya kinkime ni zuwa asibiti a Wuse, ina ganinsa biyu-biyu.

Kwana tara. Ledar ruwa na ƙarewa a rataya wata. Gwajin jini, na bayan gida, na ƙoda. Kuɗin da na tara na sabon keken ɗinki nan suka tafi kaf. Ranar da aka ce ƙodata ta fara gajiya saboda rashin ruwa, na roƙi maigidana ya yafe mini. Ya ce in bar wannan maganar.

Na nuna wa likita hoton. Ta ce, "Hajiya, wannan haske ne yake wasa a kan zaren nama idan wuƙa ta yanka shi sumul. Ba shi ne alamar lalacewa ba. Me kika ci?"

Na faɗa mata, ina jin kunya.

Ashe ina can kwance, ku kuna nan kuna aiki. Kun ɗauki hoton naman da na tura, kun rubuta naman Ladidi ya kusa kashe Hajiya. Wata ta ƙara cewa maganin ajiye gawa take zubawa. Ke da kika rubuta wannan, kin zo duba ni da lemo, kika zauna a bakin gadona, ba ki tambaye ni ko na ci ba. Kullum kina sahun gaba a islamiyya. Ban san me kike zuwa ɗauka ba.

Ofis uku sun daina saye a wajenta.

Alhamdulillahi, na warke. Na gode wa likita da nas-nas, da maigidana da ya yi ta ɗawainiya ba ƙorafi.

Shawarata: sheƙi kaɗai ba hujja ba ne. Ku sansana, ku taɓa. In nama yana yauƙi, ko danƙo, ko tsami, a zubar. Abin da ya kwana a firij babu wuta, a haƙura da shi. Amai da gudawa suka ƙi tsayawa, a tafi asibiti.

Jiya na je na durƙusa wa Ladidi, don daga wayata hoton ya fita. Ta ce, "Yaya, na yafe. Amma masu sayen fa?"

Shi ya sa na rubuto muku wannan.

Duk wadda ta tura hoton nan, ta tura wannan saƙon inda ta kai wancan. Ina da sunayenku, kuma gida-gida zan bi.